Kumburin jimilla

kumburin jimilla (suna, namiji, fannin rumbun bayanai): ƙaruwar ƙarya da lissafi kan yi idan aka haɗa jadawali biyu masu alaƙa, layi guda ya yi ta maimaituwa. Misali, a rajistar ƙungiyar manoma a Gidan Rumji, mai gonar gero hekta 3 ya karɓi taki sau 4. Da an haɗa jadawalin gonaki da na taki, sai rahoto ya nuna hekta 12, alhali ko taku ɗaya gonar ba ta ƙaru ba. Maganinsa: a tara kowane jadawali shi kaɗai da GROUP BY kafin a haɗa. SUM DISTINCT ba mafita ba ce, don gonaki biyu masu faɗi ɗaya za ta ƙirga su guda.