Guzurin Ɗalibi: Tarihin Tafiye-tafiyen Bincike Zuwa Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Da yawa daga cikin littattafan Turanci da ake koyar da tarihi da al'adun Hausawa da su a jami'o'i sun samo asali ne daga kundin digiri na uku. Ɗalibai ne suka baro ƙasashensu da guzurin da wata gwamnati ko gidauniya ta ba su, suka zauna shekara ɗaya ko biyu a Zariya, ko Kano, ko Damagaram, ko zangon Kumasi, sannan suka koma suka rubuta abin da suka gani da abin da aka faɗa musu. Sanin wanda ya biya kuɗin tafiyar da dalilinsa na biya yana taimaka wa mai nazari ya auna waɗannan littattafai, domin ruwa ba ya tsami banza.

Zamanin Mulkin Mallaka

A shekarar 1944 gwamnatin Birtaniya ta kafa wata majalisa mai ɗaukar nauyin binciken zamantakewa a ƙasashen da take mulka. Bukatar Turawan mulki ita ce su san yadda talakawa ke noma da kasuwanci da biyan haraji, domin su tsara ayyukan raya ƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da tallafin wannan majalisa ne M. G. Smith, ɗan ƙasar Jamaika mai karatu a Landan, ya zo lardin Zariya a 1949 ya zauna har 1950. Rahotonsa kan tattalin arzikin Hausawan Zariya ya fito a 1955, littafinsa Government in Zazzau kuma a 1960.

Kulle ya hana shi jin ta bakin mata, don haka matarsa Mary Smith ta ɗauki wannan ɓangare. A Giwa ta haɗu da wata dattijuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo, ta yi makonni tana rubuta labarin rayuwarta da Hausa. Littafin Baba of Karo ya fito a 1954, bayan rasuwar Baba. An ba da kuɗin ne don a san harkar noma da sarauta, amma aikin da ya fi shahara daga wannan tafiya shi ne labarin mace ɗaya game da aure da ƙawance da bauta da zuwan Turawa.

Kuɗin Amurka da Yaƙin Cacar Baka

A 1946 majalisar dokokin Amurka ta amince da shirin Fulbright, wanda aka fara da kuɗin sayar da rarar kayan yaƙi. Sai dai abin da ya buɗe wa harsunan Afirka ƙofa shi ne tauraron ɗan'adam na Sputnik da Tarayyar Sobiyat ta harba a 1957. Hankalin Amurka ya tashi, ta kafa dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, wadda ta tanadi kuɗin koyar da harsunan da ba kasafai ake koyarwa ba. Dokar Fulbright-Hays ta 1961 ta ƙarfafa tura ɗalibai bincike ƙasashen waje, gidauniyar Ford ma ta zuba nata tallafin. Hausa ta samu gurbi a jami'o'i irin su UCLA da Wisconsin da Indiana. Ɗalibi kan fara koyon harshen a aji, ya ci jarrabawa, sannan ya nemi guzurin tafiya.

Wasu kuma ta hanyar aikin sa-kai na Peace Corps suka fara sanin yankin. Paul Newman ya koyar a Maiduguri, Russell Schuh ya yi aiki a Nijar, dukansu kuma suka zama jiga-jigai a nazarin Hausa da 'yan'uwanta na dangin harsunan Cadi. A fannin siyasa, John Paden ya zauna a Kano, littafinsa kan addini da siyasar birnin ya fito a 1973. Tushen kuɗin ya riƙa jawo zargi. Lokacin da Amurka ta ɓullo da sabon shirin tallafi a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro a 1991, ƙungiyar masana nazarin Afirka ta ƙasar ta ƙi amincewa da shi, don gudun kada a ɗauki ɗalibanta 'yan leƙen asiri.

Tsallaka Iyakoki

Ɗaliban da suka bi sawun fatake sun gane cewa tarihin Hausawa bai tsaya a iyakar Nijeriya ba. Paul Lovejoy ya tattauna da tsofaffin fataken goro, ya fitar da Caravans of Kola a 1980, inda ya bi hanyar da ta haɗa Kano da Salaga a ƙasar Gonja. A wannan shekarar Stephen Baier ya buga tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, bisa binciken da ya yi a Damagaram. Enid Schildkrout ta zauna a zangon Kumasi, inda Hausa ce harshen da ya haɗa baƙi daga ƙabilu daban-daban, littafinta People of the Zongo ya fito a 1978. A Maraɗi, Bafaranshe Guy Nicolas ya daɗe yana nazarin Anna da al'adar kyauta, daga baya Barbara Cooper ta rubuta tarihin aure a birnin a 1997.

William Miles ya zaɓi ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, Yardaji a wajen Daura da Yekuwa a wajen Magarya, waɗanda iyakar Ingila da Faransa ta raba. Littafinsa Hausaland Divided na 1994 ya nuna yadda mulki iri biyu ya bambanta sarauta da makaranta da kasuwa tsakanin mutane masu harshe ɗaya da addini ɗaya.

Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da zai yiwu ba tare da masu masauki ba. Murray Last, wanda ya yi digirinsa a Jami'ar Ibadan ya kammala a 1964, ya dogara ƙwarai ga Waziri Junaidu na Sakkwato da taskar littattafan gidansa, kafin ya fitar da The Sokoto Caliphate a 1967. Waziri sananne ne, sunansa ya fito fili. Tafintoci da masu ɗaukar magana a kaset da dattawan da suka ba da tarihin kakanninsu kuwa, sau da yawa a shafin godiya kawai ake samun sunayensu. Kaset-kaset da kundayen da dama sun tafi ɗakunan ajiya na Turai da Amurka, littattafan kuma da Turanci ko Faransanci aka buga su, a farashin da ya fi ƙarfin jikokin masu ba da labarin.

Hausawa ma sun yi tasu tafiyar. M. K. M. Galadanci ya kammala digiri na uku kan nahawun Hausa a Landan a 1969. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundinsa kan Mamman Shata a Indiana a 1975, Ɗalhatu Muhammad kuma ya yi nasa kan Aƙilu Aliyu a Landan a 1977. Bambancin shi ne baƙi sun zo neman bayanai, su kuwa sun tafi da bayanan a hannu suna neman hanyoyin nazari da shaidar digiri. Da suka dawo suka raini sassan nazarin Hausa a Kano da Zariya, har ya zama ana rubuta kundin digiri na uku da Hausa a gida.

Kammalawa

Hanyar ta ƙuntata a 'yan shekarun nan. A 2011 Peace Corps ta janye daga Nijar saboda matsalar tsaro, a shekarar kuma aka soke gasar tallafin bincike ta Fulbright-Hays saboda ragin kasafi. Nauyin binciken ƙauyukan Katsina da Maraɗi da Damagaram ya ƙara komawa wuyan ɗaliban jami'o'in yankin, waɗanda galibi daga aljihunsu suke biyan kuɗin mota da na ɗab'i. Tafiya mabuɗin ilimi ce, amma sai da guzuri. Mai karanta tsofaffin littattafan zai amfana idan ya fara da shafin godiya, domin a nan ne zai ga wanda ya biya kuɗi, da garin da aka zauna, da mutanen da aka ji ta bakinsu.