Jami'o'i masu zaman kansu a Nijar: abin dubawa kafin biyan kuɗin rijista

Da zarar sakamakon BAC ya fito, ɗalibai da dama kan nufi jami'o'i masu zaman kansu, irin su jami'ar Maryam Abacha da aka kafa a Maraɗi a 2013, ko ADU ta Yamai da aka buɗe a 2017. Galibi ana neman shaidar BAC, takardar maki, takardar haihuwa da hotuna. Sai dai samun gurbi ba shi ne ƙarshen magana ba. Abin lura shi ne darajar takardar da za a fito da ita.

A tsarin LMD, lisans shekara 3 ne, masta kuma 2. Ɗalibi ya nemi ganin izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, ya tabbatar cewa ya shafi fannin da zai karanta. Mai burin aiki a wata ƙasa ya tambaya ko hukumar CAMES, mai mazauni a Wagadugu, ta amince da takardar.

Kafin biya, a je a gani da ido: harshen koyarwa, ɗakunan kwana, ruwa da wuta, laburare, da yawan malaman dindindin. A kuma karɓi jimillar kuɗin shekara a rubuce.