Julius Berger: Reshen da ya fi gindi ƙarfi

Julius Berger sunan mutum ne kafin ya zama sunan kamfani, kuma mutumin ya rasu shekara 22 kafin kamfanin ya samu kwangilarsa ta farko a Najeriya. An haife shi a 1862 a Zempelburg, wani ƙaramin gari da a lokacin yake ƙarƙashin Jamus, yanzu kuwa yana cikin Poland. Bayahude ne, kuma sana'ar gidansu dakon kaya a keken doki. Daga jigilar dutse da tsakuwa zuwa wuraren aikin hanya, sai ya fara karɓar kwangilar hanyar da kansa a wajajen 1890. A 1905 ya mayar da harkar kamfanin hannun jari, a 1910 ya koma Berlin.

Abin da ya fito da sunansa shi ne fasa dutse. Tsakanin 1912 da 1916 kamfanin ya haƙa ramin jirgin ƙasa na Hauenstein a Switzerland, mai tsawon kusan kilomita 8 a cikin tsauni. Daga nan ayyuka suka biyo baya a Romaniya da Turkiyya da Iran. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933, sai aka tilasta masa sauka daga kan kamfanin da ya kafa da hannunsa. A 1942 aka kwashe shi da matarsa Flora zuwa sansanin Theresienstadt, can ya mutu a 1943 yana da shekara 80. Kamfanin ya ci gaba da neman kuɗi da sunansa.

Najeriya ta shigo labarin a 1965. Tsibirin Legas ya cika ya batse, gadar Carter kaɗai ke haɗa shi da sauran gari, sai gwamnati ta ba kamfanin aikin gada ta biyu, wadda ake kira Eko. Ana tsaka da aiki aka yi juyin mulki har biyu a 1966, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, amma ba a kwashe kayan aiki an gudu ba. A ganina wannan zaman da suka yi shi ne jarin da ya fi kowane inji amfani gare su, domin hukuma ba ta mance wanda ya tsaya lokacin da ƙura ta tashi. Da yaƙi ya ƙare a 1970, su aka kira su gyara gadar Neja ta Onitsha da aka karya, kuma a shekarar ne aka yi wa kamfanin rajista a matsayin na Najeriya.

Sai kuɗin mai ya zo. A 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a bakin tashar Apapa, wasu wata da watanni, ba wurin sauke kaya. Maganin da aka samo shi ne sabuwar tasha a tsibirin Tin Can, kuma Berger ya gama ta cikin wata 15, aka buɗe a 1977. Yadda ake irin wannan sauri ba sihiri ba ne. Kamfanin ba ya son jiran kowa: yana da wuraren fasa dutse nasa, da garejin gyaran injuna, da manyan motoci, da unguwannin ma'aikata. Wannan tsari yana cin kuɗi, shi ya sa har yau ake cewa aikin Berger akwai kyau akwai tsada. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 su ma sun sa 'yan Najeriya sun shiga cikin masu hannun jari, kuma a 1991 aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Legas.

A 1990 aka buɗe gadar Third Mainland mai kilomita 11.8, ita ma da hannun kamfanin a ciki. Amma inda kamfanin ya fi barin sawu shi ne Abuja: manyan tituna, Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa da aka gina don taron ƙungiyar haɗin kan Afirka (OAU) na 1991, wasu sassan ginin Majalisar Dokoki, hedikwatar Babban Banki. Har ƙungiyar ƙwallo ya yi a Legas, ta ci gasar ƙasa a 1991 da 2000, abin da matasan yanzu da wuya su tuna.

A Jamus kuwa sunan sai dusashewa yake. Haɗakar da aka yi da wani kamfani a 1975 ta haifi Bilfinger + Berger, a 2012 aka goge Berger ɗin aka bar Bilfinger kawai. Uwar kamfanin ta juya ga hidimar masana'antu, ta riƙa sayar da kasonta na Najeriya. Ofishin injiniyoyi da ke Wiesbaden, wanda a da daga can umarni ke zuwa, yanzu mallakin kamfanin da ke Utako a Abuja ne.

Raunin kamfanin na Najeriya guda ne, kuma babba: mafi girman ayyukansa daga gwamnati suke fitowa. Idan baitulmali ya cika, ga aiki. Idan farashin mai ya faɗi, sai bashi ya taru a sallami ma'aikata. Gadar Neja ta biyu da aka buɗe a 2023 ta nuna har yanzu hannun bai mutu ba. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wadda aka ba shi a ƙarshen 2017, ta nuna ɗaya fuskar. An yi mafi yawan aikin tsakanin Kaduna da Kano, amma ɓangaren Abuja zuwa Kaduna ya tsaya yayin da darajar naira ke zubewa, ana ta ja-in-ja kan sabon farashi. A Nuwamban 2024 Ma'aikatar Ayyuka ta soke kwangilar wannan ɓangare, daga baya ta miƙa shi ga wani kamfani.