Daga garwashin Kawu zuwa gayyar duniya

A gefen kasuwar Gure, cikin wata rumfar zana, Kawuna ya shekara talatin yana gyaran rediyo. Kayan aikinsa duka akwati ɗaya ne: sukundireba, ƴar mita, dalma, da ƙarfen da yake cusawa cikin garwashi har ya yi zafi. Ni ne mai fifita wutar.

Sana'ar baƙuwa ce a garinmu. Gure tsohuwar fadar Muniyo ce, kuma sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1852, zamanin Muniyoma Koso, arzikin ƙasar gishiri ne da kanwa da dabbobi. Sai bayan shekara ɗari akwatin magana ya iso. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Nijar ya buɗe a 1958, daga baya ya koma Muryar Sahel. Da fatake suka fara shigo da ƙananan rediyo masu batir daga Kano, ƙura da zafi da ruwan batir suka shiga kashe su. Nan masu gyara suka samu abinci.

Kawu ya yi wa maigidansa barantaka shekara bakwai a Damagaram. Ya ce in aiki ya kai wurin da ke da wuya, sai maigidan ya aike shi sayen goro. Shi ma haka ya yi mini. Abin mamaki, mutumin nan ba a kiran gayya bai je ba: noman gonar wanda ciwo ya kwantar, yaɓen masallaci, ginin azuzuwan da samariya ta yi zamanin Seyni Kountché. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Ɗan nan, gumi na kowa ne, sirrin sana'a na mai shi."

Da salula ta shigo bayan shekarar 2000, rumfar ta fara mutuwa. Kayan cikin salula sun fi ƙwayar gero ƙanƙanta, ƙarfen garwashi ba ya iya musu, kuma lalube ya daina ci.

Ina karatu a Damagaram na gamu da wata hanyar. A 1973, a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Laurence Nagel, ɗalibin Farfesa Donald Pederson, ya gabatar da SPICE, manhajar da ke lissafa yadda wuta za ta bi cikin haɗin lantarki tun ba a narka dalma ba. Pederson ya dage a ba kowa ita. Daga zuriyarta aka samu ngspice, wadda ƴan sa-kai ke riƙe da ita har yau. A Faransa kuma, Jean-Pierre Charras, malami a Grenoble, ya fara KiCad a 1992 don zanen allon lantarki. Yanzu su biyun suna aiki tare, kuma duk mai so yana iya buɗe cikinsu ya gyara.

Ranar da na ga lissafin wani haɗi ya saɓa da abin da mitata ta nuna, na rubuta wa masu aikin da Turancina mai ɗingishi. Wani da ban san fuskarsa ba ya bi sawun kuskuren, ya nuna mini inda yake dalla-dalla, bai aike ni sayen goro ba. Tun daga nan nake ba da dare biyu a mako: ina gwada sabon fitowa a tsohuwar kwamfutata, ina gyara fassarar Faransanci. Ko dala ba a biyana.

Bara na kai wa Kawu kwamfutar, na zana masa haɗin rediyon da ya fi sani, ya ga layin wuta yana hawa yana sauka. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Wa ya kira wannan gayyar?" Na ce babu mai gona, Kawu, kowa da fartanyarsa yake zuwa. Sai ya jawo akwatin nan, ya fito da wani littafi da ya sha hannu, cike da zanen da ya ɓoye mini tun ina yaro. Ya ce in kai musu.