Yaronka Ya Iya Karatu Kuwa? Abin da Ya Kamata Iyaye a Kudu Su Sani

Ni malami ne, ina koyar da yara darasin yamma a Agege, nan Legas. Kwanakin baya wani bawan Allah mai sayar da tumatir a Mile 12 ya kawo mini ɗansa da ke aji huɗu na firamare. Ya ce, "Malam, yaron nan kullum yana zuwa makaranta, littattafansa cike suke da rubutu." Na miƙa wa yaron gajeren labari na layi huɗu. Wallahi kalma biyu kawai ya iya karantawa. Ashe duk rubutun nan kwafa yake yi daga allo.

Girman matsalar

A rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022, an ƙiyasta cewa yara 7 cikin 10 masu shekara goma a ƙasashe masu tasowa ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara kuwa, kusan 9 cikin 10 ne. Da yawansu ’yan makaranta ne da ake ƙara wa aji kowace shekara.

Namu yaran a kudu suna da ƙarin kaya a ka. Yaro ya tashi da Hausa a gida, a titi yana jin Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka, a islamiyya Larabci, a aji kuma malama tana koyarwa da Turanci. Sai ya zama ana so ya koyi sabon harshe da karatu a lokaci guda. Ga kuma tafiyar gida: a kai yaro Kano ko Sakkwato bikin Sallah, sai bayan wata biyu a dawo da shi, an riga an yi masa nisa.

Abin da doka ta ba ɗanka

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatu kyauta kuma tilas na shekara tara: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ba ta ware ɗan asalin jiha da baƙo ba. Ka nemi takardar haihuwar ɗanka daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun da wuri, domin ana yawan tambayarta wajen rajista. Idan an ƙi karɓarsa a makarantar gwamnati, je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ka tafi da wani daga fadar Sarkin Hausawan unguwarku in da hali.

Yadda za ka gwada shi a gida

Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta fito da hanya mai sauƙi, wadda yanzu ake amfani da ita a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya. Ana gwada yaro shi kaɗai a matakai: haruffa, kalmomi, gajeren sakin layi, sannan labari. Inda ya tsaya, daga nan ake fara koya masa, ko da wane aji yake. Kai ma za ka iya. Rubuta haruffa goma a warwatse, ka ce ya faɗe su. In ya iya, ba shi kalmomi irin su "gida" da "rana". In ya wuce, ba shi layi huɗu da bai taɓa gani ba, sannan ka tambaye shi abin da ya karanta. Kar a yi da bulala a hannu, don yaron da ya tsorata ko abin da ya sani ba zai faɗa ba.

Fara da Hausa

Iyaye da yawa na ce mini, "Malam, Turanci muka kawo shi ya koya." Na ji, amma rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa: ba, bi, bu, ka, ki, ku. Yaro ya gane haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, sai Turancin ya zo masa da sauƙi, tunda yawancin haruffan ɗaya ne. Maƙwabtanmu Yarbawa sun gwada wannan a Ile-Ife tun 1970, ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa: an koyar da yara da Yarbanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. A arewa ma an yi shirin "Mu Karanta!" a Bauchi da Sakkwato a kan wannan turba. Yaron mai tumatir da Hausa muka fara, yanzu yana haɗa kalmomi da kansa.

Yara masu buƙata ta musamman

Nan ne muka fi sakaci. Makaho, kurma, gurgu, sai a ajiye shi a ɗaki ko a fita da shi bara a gada. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare. A Legas, wasu makarantun firamare na gwamnati suna da sashen da ake koyar da irin waɗannan yara tare da sauran ɗalibai. A Surulere akwai makarantar makafi ta Pacelli da ta kurame ta Wesley. Makaho yana karatu da yatsa, ta rubutun Braille mai ɗigo shida; kurma kuma da maganar hannu.

Wani yaron kuma ana ce masa daƙiƙi, alhali allo ne ba ya gani sosai, ko kunnensa ne ke da matsala. In ka ga yana matse ido, ko sai an maimaita masa magana sau biyu sau uku, kai shi asibiti a duba, ka kuma roƙi malama ta dawo da shi layin gaba.

Uwar da ba ta yi boko ba ita ma tana da nata aikin. Ta zaunar da shi minti goma sha biyar bayan magariba ya karanta mata da ƙarfi, ta tambaye shi me labarin ya ce. Duk wata a maimaita gwajin nan, a ga ko ya hau mataki na gaba. Allah Ya raya mana su, Ya ba su ilimi mai amfani.