Fage, Dandali da Bakin Dandamali

Wanda duk ya taɓa shiga ɗakin taro na makaranta ran da yara za su yi wasan kwaikwayo, ya ga wani wuri mai tudu a ƙuryar ɗakin, an rataya masa labule. Wannan wuri shi a ke kira dandamali. Akwai kuma ɗan sashen da ya saura a gaban labulen, inda mai gabatarwa ya kan fito ya yi wa jama'a sallama kafin a fara. Turawa suna da suna na musamman domin wannan sashe, amma Bahaushe sai dai ya ce bakin dandamali. Dalilin haka yana cikin tarihin wasanninmu, kuma ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun ta isa misali, domin a nan a ka yi manyan makaɗan fada, a nan kuma a ka haifi ɗaya daga cikin waɗanda su ka fara rubuta wasa da Hausa.

Bari mu fara duba inda Turawa su ka samo tasu kalmar. Wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Atina ta ƙasar Yunanawa su kan taru a gefen dutse su yi kallon wasa. A bayan 'yan wasan akwai wata rumfa inda su ke sake tufafi, ana ce da ita sikene. Wurin da ke gabanta kuwa a ka sa masa suna furosikeniyon, watau gaban rumfa. Daga nan kalmar ta shiga bakin Rumawa, ta bi ta sauran harsunan Turai. A shekarar 1599 a ka gina gidan wasan nan na Landan inda a ke nuna wasannin Shakespeare. Dandamalinsa ya kutsa har tsakiyar masu kallo, suna kewaye da shi ta gefe uku. Amma a 1618 an gina wani a birnin Parma na Italiya, a ka yi wa gaban dandamalinsa babbar ƙofa kamar ta soro, masu kallo duka su ka koma gefe guda suna leƙen abin da ke ciki. Wannan fasali shi ya rinjaya a Turai daga baya. Ɗan abin da ya rage a waje da ƙofar, Ingilishi su ka kira shi da sunan ƙyallen nan da kuku ya ke ɗaurawa a gabansa.

To, a ƙasar Hausa abin ya sha bamban. Wurin wasa iri biyu kakanninmu su ka sani, fage da dandali. Fage shi ne inda a ke dambe da kokawa da sharo, galibi da kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Dandali kuwa shi ne filin unguwa inda samari da 'yan mata su ke taruwa da dare, tun ba ma in akwai farin wata. Dukansu biyu ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba labule. Jama'a su kan yi da'ira, na gaba su zauna, na baya su tsaya, makaɗa su kama gefe guda. Abin da ya ke kewayayye kuwa ba ya da gaba, ba ya da baya. Ɗan dambe ya kan zagaya fage yana kirari domin kowa ya gan shi. 'Yan kama, masu kwaikwayon wa'azin malamai da zancen tuwo da fura, duk inda su ka tsaya a kasuwa nan ne wurin wasansu. Yaran tashe kuma, daga goma ga watan azumi, ƙofar kowane gida ita ce dandalinsu. Tun da ba a ware wani sashe a ka ce shi ne gaba ba, ba a bukaci a raɗa masa suna ba.

Wuri guda ne fage ya ke samun gaba, shi ne a fada. A can inda sarki ya zauna nan ne gaba, kowa shi ya ke fuskanta. Alhaji Musa Ɗankwairo, wanda a ka haifa a ƙasar Bakura, ya gaji kiɗan kotso daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Kayan Maradun, ya yi ta waƙar sarakuna har ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, mutumin Faru ta ƙasar Maradun, shi ne makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ya riƙe Talata Mafara a shekarun 1950, ya kuma zama Sarkin Musulmi a 1996. Irin waɗannan makaɗa da 'yan amshinsu a ƙasa su ke, ubangidansu yana sama da su, talakawa suna bayansu suna saurare. Haka kuma wasan gauta, inda matan fada su ke kwaikwayon sarki da fadawansa, a gaban sarkin a ke yinsa, ya ga halinsa da na mutanensa, ya yi dariya, wani lokaci ma ya gyara.

A nan ne kalmar dandamali ta ke da asali. Dandamali tudu ne na ƙasa da magina su ke yi a bakin ɗaki ko a cikin soro, a daɓe shi, a yi shimfiɗa a kai, babba ya zauna. Ashe ke nan a zamanin da, mai kallo shi ke bisa dandamali, mai wasa yana ƙasa.

Makarantar boko ita ta juya wannan tsari. A shekarun 1930 Dokta R. M. East, shugaban ofishin talifi na Zariya, ya fitar da wani ɗan littafi mai wasanni shida da Hausa domin 'yan makaranta. A 1949 kuma a ka buga Wasan Marafa na Malam Abubakar Tunau, mutumin Talata Mafara, wanda ya ke jan hankalin jama'a ga tsabta da kiwon lafiya. Bayansa Malam Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. Malaman da su ka koya wa yara irin waɗannan wasanni fasalin Ingila su ka bi. Inda ba ginannen tudu, sai a harhaɗa tebura ko bencina, a rataya barguna maimakon labule. Ran bikin makaranta sai ga ɗan talaka a sama sanye da rawanin aro, hakimi da alkali da sauran manyan En'e suna zaune a ƙasa a sahun farko suna ɗaga kai. Da a ka nemi sunan wannan tudu, ba a je da nisa ba, a ka ɗauko dandamali daga soron sarki a ka ba shi. Majigin gwamnati da a ke yawo da shi gari gari a shekarun 1950 shi ma ya ƙara sabar wa mutane da zama sahu sahu suna duban gefe guda, domin farin ƙyallen da a ke haska hoto a kai fuska ɗaya a ke kafa shi.

Sunan sashen gaba kuwa, harshe ya bi hanyar da ya saba. Bahaushe ya kan ce bakin kogi, bakin rijiya, bakin kasuwa, bakin fage, watau iyakar abu ta wajen da a ke isa gare shi. Saboda haka bakin dandamali ya zauna daidai, yaro da tsoho kowa ya ji ya gane, ba sai an aro kalmar Yunanawa mai karya harshe ba. Wurin kuma yana da amfani ƙwarai. Nan ɗan wasa ya ke matsowa in yana so ya yi magana da jama'a kai tsaye, su kuwa su amsa masa, kamar yadda a ka saba a dandali. Mai kallo Bahaushe bai saba zama shiru ba, ya kan yi shewa, ya yi wa mugu tsawa, ya taso ya yi kari.

Masana sun lura da wannan. A tsakiyar shekarun 1970, da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da wasan kwaikwayo a Samaru, sai ta gina gidan wasanta da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da fili, ana wasa a tsakiya ko a kowace kusurwa. Watau dai bayan an yi shekara arba'in ana hawa tudu, an komo an nemi fage.

Saboda haka ya kamata malamai da ɗalibai na Mafara da Bakura da Maradun, da sauran ƙasar Zamfara, su riƙe kalmomin nan uku, kowace a muhallinta. Fage na 'yan dambe da 'yan kokawa ne, dandali na samari da 'yan mata, dandamali kuwa na ɗakin taro. In an tashi gina sabon wurin wasa, a faɗaɗa bakin dandamalin, a matso da shi kusa da jama'a, domin a nan ne wasan makaranta ya ke gamuwa da wasan gargajiya. Allah ya sa mu amfana da na da da na yanzu, amin.