Goro da Fatakensa: Daga Gwanja zuwa Agege

Goro ya daɗe yana cikin manyan hajojin fataucin Hausawa, ga shi kuwa ba ya tsiro a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi daga Kano da jakuna, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga ta ƙasar Gwanja, inda suke musayar kanwa da tufafi da fatu da goron Asante. Wannan hanya ta fara rauni bayan Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar.

Sai fatauci ya koma bakin teku. Aka riƙa ɗora huhunan goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana ta yau zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi arziki ta wannan hanya. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, tashar Iddo ta Ikko ta zama mashigar kayan Arewa. A farkon ƙarni na 20 manoman Agege, wadda dogon ya ratsa, suka rungumi shuka irin goron Gwanja, Hausawa kuma suka kafa zango a gefensu. Can aka sami masu gida da ke saukar da baƙi, da dillalai, da gwanayen tsince goro da ɗaure shi cikin ganye don kada ya bushe ko ƙwaro ya ci shi. Daga baya noman ya bazu zuwa Shagamu.

Abin da ya riƙe wannan ciniki tsawon ƙarnuka yana cikin ƙwayar goron kanta. Tana ɗauke da kafeyin, kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinta, da ɗan tiyoburomin. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke kawo kasala da gyangyaɗi. Kafeyin yakan tare gurbin da adenosin ke zama, sai saƙon gajiya ya kasa isa, aikin dopamin ya ƙaru, mutum ya wartsake. Haka kuma yana sa ƙullutun da ke saman ƙoda su ƙara sakin adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, hawan jini ya ɗan ɗaga, yunwa ta lafa. Shi ya sa falke da malami mai tilawar dare da direban tirela duk suka riƙe shi.

Gajiyar dai tana nan, an ɓoye ta ne kawai. Jiki yakan ɗauki kusan awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin da ya shiga jini, don haka goron almuru yakan jinkirta fitowar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci. Ƙwaƙwalwar wanda ya saba kuwa takan ƙara guraben adenosin, shi ya sa in ya rasa goro kwana guda ciwon kai da mutuwar jiki su kama shi.

Saboda goro ba ya gusar da hankali, malamai ba su sa shi a sahun kayan maye ba, ya kuma shiga ɗaurin aure da suna da gaisuwar sarakuna. Amma mai hawan jini da mai gyambon ciki da mace mai juna biyu ya kamata su taƙaita shi.